A gida nake karantar da 'yata: ta yaya zan tabbatar tana koyo?

Uwar Ɗaliba ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da iyayen da suka riga ni shiga wannan harka. 'Yata tana da shekara takwas, kuma yau shekara ɗaya da rabi ke nan ina karantar da ita a gida, tun lokacin da wata doguwar rashin lafiya ta sa muka cire ta daga makaranta. Ta warke, alhamdu lillahi, amma da muka ga karatun gidan ya karɓe ta sai muka ci gaba. Kowace safiya muna zama na kimanin awa uku, mu yi karatu da rubutu da lissafi, sannan mu ɗan taɓa kimiyya da tarihi. Littattafan aiki na aji biyu mun gama su tas, na aji uku kuma mun kai rabi, har ina jin daɗi a raina cewa mun sha gaban sa'o'inta.

Abin da ya tayar mini da hankali ya faru ne makon jiya. Wata guda da ya wuce mun yi darasin ɗebewa mai aro, na ba ta lissafi ashirin a shafi ɗaya, ta ci sha tara. Na sa mata hannu da jan biro, muka wuce zuwa ninkawa. Makon jiya kuwa, ba tare da wani shiri ba, na rubuta mata 52 − 38 a bayan wata takarda. Ta duba, ta rubuta 26 ko ɗar babu, ta miƙo mini tana murmushi. Na sake ba ta 63 − 27, ta rubuta 44. Na rasa abin da zan ce mata, kuma daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta tunanin ko duk shafukan da muka cike a shekara ɗaya da rabi haka suke.

A makaranta akwai jarrabawar ƙarshen zango, akwai sauran yara da za a kwatanta, akwai kuma wani malami da zai ga abin da ya ɓace wa wani. Ni kuwa ni ce mai koyarwa, ni ce mai dubawa. Ta wace hanya zan auna abin da ya zauna mata da gaske, kuma sau nawa ya kamata in yi hakan? Shin in nemo jarrabawa irin ta makaranta in riƙa yi mata? Yarinya ce mai saurin firgita, da ta ji kalmar jarrabawa sai jikinta ya yi sanyi, don haka ba na son in mai da ɗakin karatunmu wurin fargaba.

Tsohon Malamin Firamare ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, domin amsar nan ta 26 da ta hana ki barci ta fi shafin da ta ci sha tara amfani a gare ki. Na yi shekara talatin da ɗaya ina koyar da ƙananan azuzuwa, kuma ban san adadin yaran da na ga sun yi wannan kuskure ba. Ki sake duba aikin nata. A gidan ɗaiɗai ta ga 2 a sama, 8 a ƙasa, sai ta cire ƙaramar daga babbar ta sami 6. A gidan goma ta cire 3 daga 5 ta sami 2. Haka ta yi a lissafi na biyu, ta cire 3 daga 7, ta cire 2 daga 6, ta sami 44. Wannan ba kintace ba ne. Yarinyar ta kafa wa kanta doka cewa kullum ƙaramar lamba ake cirewa daga babba, ko a sama take ko a ƙasa, kuma tana bin dokar tata da gaskiya, shi ya sa ta miƙo miki takardar tana murmushi. Wasu masu bincike biyu a Amurka, John Seely Brown da Richard Burton, sun nuna tun a 1978 cewa da yawa daga cikin kurakuran da yara suke yi a ɗebewa masu tsari ne kamar wannan, kuma wanda 'yarki ta yi yana cikin waɗanda aka fi gani. Idan kuskure yana da tsari, gyaransa yana da sauƙi, tunda an san inda zaren ya tsinke.

Sai tambayar da ta fi muhimmanci: me ya sa ta ci sha tara a wancan shafin? Dalili shi ne kin ba ta shi ne bayan kin gama nuna mata matakan, suna nan da ɗuminsu a kanta, kuma duka ashirin ɗin iri ɗaya ne, ba ta bukatar ta tsaya ta tambayi kanta ko wannan lissafi yana son aro ko ba ya so. Makin da yaro ya samu a ranar darasi yana nuna cewa ya saurara kuma ya iya kwaikwayo, iyakarsa ke nan. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa, yana haddace gaɓoɓi marasa ma'ana yana auna abin da ya rage masa bayan wani lokaci, ya gano cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko da kwanakin farko, sannan ta riƙa raguwa a hankali. Saboda haka duk awon da za ki yi, ki bar kwanaki su shiga tsakaninsa da darasin.

Ga yadda nake yi a aji, kuma a gida ma ya fi sauƙi. A ƙarshen kowane mako ki rubuta tambayoyi goma da hannunki: uku daga aikin wannan mako, uku daga na makon da ya gabata, huɗu daga abin da kuka bari wata guda ko wata uku baya. Ki gauraya su, ɗebewa mai aro kusa da wadda ba ta da aro, tarawa kusa da ninkawa, kada ki rubuta kan magana a sama da zai gaya mata irin aikin. Ba sai kin kira shi jarrabawa ba, ki ce da ita bita ce, kuma gaskiya kika faɗa. A 2006 wasu masu bincike biyu, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun raba ɗalibai, wasu suka maimaita karanta wani rubutu, wasu kuma aka sa su rubuta abin da suka tuna daga cikinsa. Bayan minti biyar masu maimaita karatun ne a gaba, amma bayan mako guda waɗanda aka sa su tunowa sun fi su riƙewa. Kin ga ke nan bitar nan tana auna miki, tana kuma ƙara mata ƙarfin riƙewa a lokaci guda.

Idan ta kawo amsa, daidai ce ko kuskure, ki saba tambayarta, “Yaya kika yi kika sami wannan?” Ki tambaya a duka biyun, domin idan sai ta yi kuskure kike tambaya za ta gane, ta riƙa sauya amsa da zarar kin buɗe baki. A kan wannan ɗebewar kuma, ki samo tsinkaye ki ɗaure su goma-goma, ki ajiye mata ɗauri biyar da tsinke biyu, ki ce ta ba ki talatin da takwas, sannan ki ja bakinki ki yi shiru ki ga abin da za ta yi.

Karatu ma yana da nasa ma'aunin, wanda wata malama 'yar ƙasar Niyu Zilan, Marie Clay, ta tsara, kuma malamai a ƙasashe da dama suna amfani da shi. Ki zaɓi rubutu mai kalma ɗari wanda ba ta taɓa gani ba, ki riƙe kwafi a hannunki, ta karanta a bayyane kina bi da fensir. Kalmar da ta tsallake, ko ta musanya da wata, ko ta ƙara daga kanta, ko ta tsaya har sai da kika faɗa mata, duk kuskure ne. Wadda ta yi kuskure ta dawo ta gyara da kanta ba a lissafa ta, sai dai ki yi mata alama, domin gyara kai alama ce mai kyau. Idan ta karanta kashi 95 cikin ɗari ko fiye daidai, rubutun ya yi mata sauƙi, za ta iya karanta irinsa ita kaɗai. Daga 90 zuwa 94 shi ne matakin da ya dace da darasi, tana yi kina taimaka mata. Ƙasa da 90 kuwa ya fi ƙarfinta tukuna. Ki rubuta ainihin abin da ta furta a saman kowace kalmar da ta kuskure, domin daga nan za ki gane ko baƙin farko take gani ta kintaci sauran, ko wasu haruffa ne suke rikita ta. Idan ta gama, ki rufe takardar ki ce ta ba ki labarin abin da ta karanta. Na sha ganin yaron da yake zuba karatu kamar ruwa, a tambaye shi wane ne ya yi me ya rasa amsa.

Baban Yara Uku ya amsa:

Allah ya saka wa Malam da alheri, bayaninsa ya wadatar ta fuskar lissafi da karatu. Ni da mai ɗakina shekara shida ke nan muna karantar da yaranmu uku a gida, kuma zan ƙara abu biyu da muka koya da wahala.

Na farko, Malama, ki lura da fuskarki. Babban ɗana ya shafe kusan shekara yana karanta fuskata fiye da yadda yake karanta littafinsa, ni kuwa ban sani ba. Idan ya fara rubuta amsa sai ya saci kallona. In ya ga na ɗan ɗaga gira ko na gyara zama, nan da nan ya goge ya sauya, in ya ga na gyaɗa kai ya ci gaba. Ban taɓa faɗa masa amsa da baki ba, amma kullum jikina yana faɗa masa. Ranar da ƙanena ya zauna da shi ya ba shi irin tambayoyin da nake ganin ya ƙware a kansu, yaron ya yi ta ɗaga kai yana neman alamar da babu ita, ya kasa rabinsu. Hausawa sun ce so hana ganin laifi, kuma a wannan harka so yana sa uba ya taimaka bai san ya taimaka ba. Tun daga ranar, idan lokacin bita ya yi, nakan ajiye masa takardar in koma can gefe in kama wani aiki, kuma a jikin kowane aikin da zan adana ina rubuta ko shi kaɗai ya yi ko da taimako.

Na biyu shi ne kundin aiki. Kowane yaro yana da fayil nasa, kuma ba mafi kyawun aikinsa kaɗai muke sakawa ba, har da wanda ya ɓata, kowanne da kwanan wata a samansa. Duk bayan wata uku akwai ayyukan da muke maimaitawa ba sauyi: ya kalli hoto ya yi rubutu a kansa na minti goma, mu yi masa shifta ta jimla biyar, sannan mu naɗi muryarsa a waya yana karanta sabon rubutu na minti ɗaya. Mai zama da yaro kullum ba ya ganin girmansa, sai ranar da riga ta yi masa kaɗan. Da na ɗora rubutun ɗiyata na farkon shekara kusa da na wata tara bayansa, na ga ta tashi daga layi uku marasa aya zuwa sakin layi biyu, har tana haɗa jimloli da “saboda” da “amma”, alhali ni a lokacin ina ganin kamar tsaye take wuri ɗaya. Ita ma da ta saurari tsohuwar muryarta tana in'ina a kan kalmomin da yanzu take wucewa da gudu, sai ta nemi a ƙara mata littafi mai wuya.

Game da kimiyya da tarihi, waɗanda tambayoyi goma ba sa kama su sosai, mun ari hanyar wata malama 'yar Birtaniya, Charlotte Mason, wadda ta rasu a 1923. Ita tsarinta shi ne a karanta wa yaro abu sau ɗaya tak, sannan ya maido da shi da kalmominsa, ƙarami da baki, babba a rubuce. Idan ɗana ya iya bayyana wa ƙanwarsa dalilin da ya sa inuwa take gajarta da tsakar rana, har ya amsa tambayar da ta jefo masa wadda ban shirya ba, na san abin ya zauna. Ina kuma da ƙaramin littafi da nake rubuta layi biyu kowace rana: abin da ya ba shi wuya, tsawon lokacin da ya iya zama yana aiki shi kaɗai, da tambayar da ya yi da kansa. A ra'ayina ki auna 'yarki da kanta ta jiya, ki bar kwatanta ta da 'ya'yan wasu. A cikin nawa ukun akwai wanda ya fara karatu yana shekara biyar, akwai wanda sai da ya kusa bakwai, kuma yau dukansu suna karatu lafiya.

Malama Mai Nazarin Jarrabawa ta amsa:

Aikina ya shafi tsara tambayoyin jarrabawa da nazarin sakamakonsu, don haka ta wannan ɓangaren zan yi magana. Na yarda da kusan duk abin da Baban Yara Uku ya faɗa, musamman batun kundi, amma maganarsa ta ƙarshe ina da ja a kanta, da dukan girmamawa. Auna yaro da kansa na jiya yana nuna cewa yana tafiya, amma ba ya nuna ko saurin tafiyar ya isa. Yarinya tana iya ci gaba kowane wata, kundinta ya yi kyau, amma a shekara guda ta ci rabin zangon da sa'o'inta suka ci, kuma iyaye ba za su farga ba sai ranar da za ta koma makaranta ko za ta zauna babbar jarrabawa. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san ƙima, kuma idon uwa da ya saba da yaro ɗaya yana bukatar wani mudu daga waje ko da sau ɗaya ne a shekara.

Masana ilimi sun raba awo gida biyu tun lokacin da Michael Scriven ya bambanta su a 1967. Akwai wanda ake yi ana cikin koyarwa domin a san abin da za a gyara gobe, akwai kuma wanda ake yi a ƙarshen zango ko shekara domin a san inda aka tsaya. Duk abin da Malam ya lissafa na farkon ne, kuma shi ya fi tasiri: a 1998 Paul Black da Dylan Wiliam sun bi diddigin rubuce-rubucen bincike kimanin 250, suka kammala cewa kyautata irin wannan awo yana ɗaga koyo ƙwarai, musamman ga yaran da suke baya. Saboda haka, 'yar'uwa, kaso mafi yawa na ƙoƙarinki ya tafi can. Na biyun kaɗan ake bukata, amma kada a bar shi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki samo manhajar hukuma ta ajin da ya dace da shekarunta, ki fitar da jerin abubuwan da ake sa ran yaro ya iya a ƙarshen shekara, ki yi wa kowanne ɗaya daga cikin alamomi uku: ta iya ita kaɗai bayan wata guda, tana iyawa da taimako, ko ba mu kai ba. Gama littafin aiki ba ya cikin alamomin. Bayan haka ki nemi wani malami da yake koyar da wannan aji, wanda yake ganin yara da yawa masu shekarunta, ya zauna da ita na awa guda ba kya wurin, ya duba kundin, ya faɗa miki gaskiya. Idan kuma kina son gwaji gajere da ba ya firgita yaro, ki duba irin wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya take amfani da shi tun 2005 a bincikenta mai suna ASER, wanda a gidaje ake yin sa, yaro ɗaya bayan ɗaya, da baki. A karatu matakansa su ne haruffa, kalmomi, ɗan sakin layi, sannan gajeren labari na matakin aji biyu. A lissafi kuwa gane lambobi, ɗebewa mai aro ta lambobi masu gida biyu, sannan raba lamba mai gida uku da mai gida ɗaya. An kwaikwayi tsarin a Kenya da Tanzaniya da Yuganda da sunan Uwezo. Ki lura cewa ainihin lissafin da ya kayar da 'yarki shi ne suka zaɓa ya zama mataki guda.

Idan wata rana kika yi mata daidaitacciyar jarrabawa, wadda ake kwatanta yaro da dubban sa'o'insa, ki fahimci lambar da za a ba ki. In aka ce tana matsayi na 60 cikin ɗari, ba maki 60 ta ci ba; ana nufin ta yi daidai da ko ta fi kimanin yara 60 cikin kowane ɗari na waɗanda aka gina ma'aunin da su. Sai ki tambaya su wane ne waɗannan yara, a wace ƙasa suke, da wane harshe suke karatu. Haka ma jadawalin adadin kalmomin da yaro ya kamata ya karanta a minti ɗaya: wanda aka yi domin wani harshe ba ya aiki kai tsaye a wani, tunda tsawon kalmomi da ƙa'idar rubutu sun bambanta. Kuma sakamakon rana ɗaya yana iya hawa ko sauka saboda gajiya ko tsoro, don haka kada ki gina babban hukunci a kansa shi kaɗai.

Akwai kuma batun doka, wanda ya bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. Jamus ba ta yarda da karatun gida a madadin makaranta ba. Faransa tun daga 2022 sai an nemi izini, kuma jami'an ilimi suna duba ci gaban yaron. A Ingila dokar ilimi ta 1996 ta ɗora wa iyaye nauyin ba yaro ilimi na cikakken lokaci da ya dace da shekarunsa da ƙwazonsa, ba tare da tilasta musu manhajar ƙasa ba. A Amurka kowace jiha da tsarinta: Niyok tana son rahoto sau huɗu a shekara da awon ƙarshen shekara, Pensilbeniya tana son kundin aiki da wani ƙwararre zai duba tare da jarrabawa a aji uku da biyar da takwas, Teksas kuwa ba ta neman jarrabawa. Ki bincika abin da hukumar ilimi ta inda kike zaune take bukata, ki kuma adana kundinki da kyau, domin shi ne shaidarki ranar da za a tambaya.

Daga ƙarshe, idan kika ga wata uku ko huɗu sun wuce kuna aiki sosai a kan abu ɗaya, musamman haɗa haruffa da sautinsu, amma babu motsi, ki kai ta a duba idonta da kunnenta, sannan ki nemi ƙwararre kan matsalolin koyon karatu. Daga abin da kika bayyana dai ban ga alamar haka ba.

Uwar Ɗaliba ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara muku ilimi. Na gwada abin da Baba Malam ya ce, kuma ga abin da na gani. Na ajiye mata ɗauri biyar da tsinke biyu, na ce ta ba ni talatin da takwas. Ta ture mini ɗauri uku nan take, sannan ta tsaya tana kallon tsinkaye biyun nan, ta ce, “Mama, ba za su kai takwas ba.” Na tuna da maganar Baban Yara Uku, na sunkuyar da kaina ina duba wani littafi. Ta yi kusan minti guda tana juya su, sai na ji ta tambaya a hankali ko an yarda ta kwance ɗauri ɗaya. Na ce tsinkayenta ne. Ta kwance, ta ƙirga takwas daga cikin sha biyun ta ba ni, ta ƙirga abin da ya rage ta sami 14. Da na ɗauko mata tsohuwar takardar da ta rubuta 26, ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce ai wannan ɗayan da nake sa ta rubuta a gefen 2 shi ne ɗaurin da ta kwance. Ashe duk watan nan tana rubuta shi ne don na ce a rubuta.

A karatu kuma na zaɓi rubutu mai kalma ɗari, ta yi kuskure bakwai, ban da wasu biyu da ta gyara da kanta waɗanda ban lissafa ba, wato kashi 93 ke nan. Biyar daga cikin bakwai ɗin dogayen kalmomi ne da ta kama farkonsu ta kintaci ƙarshensu. Labarin ta maido shi a jere, amma da na tambaye ta dalilin da ya sa yaron cikin labarin ya koma gida sai ta yi shiru. Na buɗe fayil na saka duka biyun da kwanan wata, kuma na yi magana da wata malamar aji uku da ta amince za ta zauna da ita a ƙarshen wannan zango, kamar yadda Malama ta ba da shawara.

Tambayata yanzu, Baba Malam, ita ce: in dakatar da ninkawa gaba ɗaya mu koma ɗebewa har sai ta zauna, ko mu haɗa su? Kuma yaushe zan ce ta iya, in wuce da kwanciyar hankali?

Tsohon Malamin Firamare ya amsa:

Madalla, 'yar'uwa, kin yi aiki mai kyau, musamman shirun da kika yi na minti guda. Kada ki dakatar da ninkawa, domin za ta ɗauka horo ne aka yi mata, kuma ninkawar ma za ta fara zubewa. Ki ware minti goma a farkon darasin lissafi na kowace rana. Mako na farko ta riƙa yin lissafi uku da tsinkaye tana rubuta kowane mataki a takarda a lokacin da hannunta yake yin sa. Mako na biyu ki ɗauke tsinkayen, amma su zauna kusa inda za ta iya ɗauka in ta bukata. Ki kuma koya mata ta riƙa duba kanta ta hanyar tara amsar da abin da ta cire: da ta tara 26 da 38 ta ga 64 maimakon 52, da ita ce za ta kama kuskuren kafin ke.

Ni ba na cewa yaro ya iya abu sai ya yi shi daidai sau uku a lokuta mabambanta, bayan mako guda, bayan wata guda, da bayan wata uku, a cikin tambayoyi gauraye, ba tare da taimako ba, kuma aƙalla sau ɗaya a cikin tambayar zance, misali littafi mai shafi 52 an karanta 38, saura nawa. A karatu kuma matakin da take kai shi ne daidai na darasi, sai ki riƙa sa ta raba doguwar kalma gaɓa-gaɓa tana bi da yatsa har ƙarshe, kuma bayan kowane labari ki yi mata tambaya ɗaya mai farawa da “me ya sa”.

Idan ta wuce gwajin wata guda, ki rubuta mata 403 − 157 ba tare da kin yi mata wani bayani ba. Amsar 246 ce, amma abin da nake son ji shi ne yadda za ta yi idan ta je aro a gidan goma ta tarar da sifiri. Ki rubuta abin da ta faɗa da bakinta, ki kawo mana.